Katangar Da Na Rushe a Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na koma aikin gini ba, wata biyu bayan an yi min aikin ido. A ƙarshen shekarun casa'in ne. Likita ya ce ɗan rami ne ya ɓulle a can cikin idona na dama. Aka yi aikin, na yi sati biyu a kife ina kallon tabarma. Baƙin ɗigon da ke tare min gani ya tafi, amma aka gargaɗe ni cewa miƙaƙƙen abu zai riƙa yi min kamar ya lanƙwashe, sai a hankali zai ragu. Na ce to (a raina kuwa cewa na yi wannan sai ragwaye).

Abin da ya hana ni zama shi ne, a Bebeji an fara cewa idon sarkin magina, wato ni, ya mutu. Har wani Alhaji Sale a garin Ƙofa ya ba Tanko, abokin hamayyata, ginin katangar da ni ya yi wa alkawari. Na hau babur na tafi, na ƙudura sai na nuna musu ina nan.

Ina isa na hangi katangar ta yi ciki a tsakiya. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. A gaban leburori na wanke Tanko tas, na sa kafaɗa na ture layi uku na ɗanyen bulo.

Alhaji bai yi faɗa ba. Zaurensa kawai ya nuna min.

"Malam, wancan fa, a miƙe yake?"

Na duba, na ce shi ma a karkace yake, ko waye ya gina shi bai san aiki ba.

"Ai kai ka gina shi," in ji Alhaji.

Na rufe idon dama da tafin hannu. Zaure ya miƙe, ragowar katangar Tanko ma sambal. Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa fuskata.

Ban gudu ba dai. Na tuɓe riga na ce Tanko ya ba ni cokalin gini, na mayar da bulon nan ɗaya bayan ɗaya, shi yana duba min layi. Bayan 'yan watanni lanƙwasar ta ragu sosai, aiki kuma ya dawo min. Amma har yau, in na ga kowa a karkace, kaina nake fara tuhuma.