Mai Riƙe wa Malam Idi Fitila

Ranar walimar dawowar kawuna daga Makka, na kafa sabuwar fitilar hotona kan sanda a zaurensa na Bungudu, ina hura hanci. Har na ce wa Malam Idi, tsohon mai hoton garin, "Baba, yau ka huta."

Ashe na saita fitilar ta riƙa tashi da zarar ta ga walƙiyar wata kyamara. Shi kuwa ya fi ni saurin hannu. Da ya danna sai ta haska masa, ni in danna ba ta gama caji ba.

Hotunansa tar, nawa duhu, haƙorin Makkan Kawu kaɗai ke ƙyalli.

Har yau Kawu na ganina zai ce, "Ga mai riƙe wa Malam Idi fitila!"