Kaina a Wuyan Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki kwamfutata tun daga Gummi har Adabka don in burge mutumin da nake neman auren 'yarsa, na dawo gida ina roƙon Allah kada ya sake haɗa ni da ɗan garin ko a kasuwa.

Lokacin ban daɗe da gama karatun malanta ba, ina koyarwa a wata firamare a Gummi. Na je Sakkwato na sayo kwamfuta ta hannu, irin mai allon nan mai ƙaton ƙeya, wadda in ka kunna ta sai ta yi ta gurnani kafin ta farka. A unguwarmu ni kaɗai ke da ita, don haka aka sa mini suna Injiniya, ni kuma na amsa ba kunya. (Tsakanina da Allah, abin da na iya bai wuce buga takarda da kunna karatu da yanka hoto in liƙa a wani wuri ba.)

Matsalar ita ce kowa ɗan'uwana ne in zai taɓa kwamfuta. Wannan ya zo da filashi ya zuba mini cuta, wancan ya danna abin da bai sani ba, allo ya kife. Na kai kukana wurin Malam Yohanna, abokin aikina mutumin Zuru, wanda ya girme ni a harkar. Ya ba ni wani faifai, ya ce akwai manhaja a ciki mai daskarar da kwamfuta. Yadda ta same ta ranar da ka saka ta, haka za ta riƙe ta. Duk ɓarnar da aka yi, kana kashewa ka kunna, komai ya koma yadda yake. Ya fara ƙara mini wani bayani a kan inda zan riƙa ajiye aikina, na katse shi, na ce ai na gane. Injiniya guda ba ya tsayawa a yi masa bayani sau biyu.

To, a daidai wannan lokacin ne nake neman Luba. Mahaifinta Alhaji Mamman dillalin hatsi ne a Adabka, mutum mai jiki da kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya kaji ma sukan natsu. Shekarar ana ta siyasa, shi kuma ya fito neman kansila. Da na je gaishe shi na ji ana maganar inda za a kai aikin fasta, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai ba sai an je ko'ina ba, ni zan tsara masa, in kawo ya gani da idonsa ya zaɓa kafin a kai wurin bugawa. Ya kalle ni sama da ƙasa, sannan ya sa aka ɗauko mini hotonsa: yana tsaye cikin wata shuɗiyar babbar riga mai aikin hannu, ciki ya fito gaba yadda ya kamata, hannu ɗaya a sama yana gaida jama'a.

Na kai shago aka shigar mini da hoton cikin filashi. Da na buɗe shi a ɗakina, sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ku fahimce ni, a lokacin ni siriri ne ƙwarai, in na sa babbar riga sai ka ce an shanya ta a kan kara. Na daɗe ina son in ga yadda zan yi in na zama babban mutum. Sai na yanke kan Alhaji daga wuya, na ɗauko ɗan ƙaramin kaina daga hoton katin aiki na ɗora. Abin ya yi mini kyau har na rubuta a ƙasa da manyan jajayen baƙaƙe: ANGON LUBA, KANSILAN GOBE. Na mayar da shi hoton fuskar kwamfuta, kullum in na kunna sai mu gaisa.

Ranar Asabar ɗin da zan tafi, da safe na ce bari in fara kare kwamfutar, tunda ƙauye za ni kuma ban san hannun wa zai taɓa ta ba. Na saka faifan Malam Yohanna, na yi ta danna "na yarda" ba tare da na karanta komai ba. Ta nemi kalmar sirri, na ƙirƙiro wata mai wuya wadda ba wanda zai iya cankowa (wannan kam na yi nasara). Ta kashe kanta ta kunna, aiki ya kammala.

Sai a sannan na tuna da hoton. Na cire shi daga fuskar allo, na goge shi, na bi shi har kwandon shara na zubar. Na zauna na tsara wa Alhaji fastoci kala-kala, wata da damin gero a gefe, wata da rijiyar burtsatse, kowacce na ajiye ta a kwamfutar da kyau. A filashi fa? Ban ga dalili ba. Na kashe, na sa akwatin kwamfutar a kwali, na kira ɗan kabu-kabu.

Wanda ya san hanyar Adabka ya san abin da na sha. An ɗaure kwalin da roba a baya, ni kuma na rungume allon a cinya kamar mai kai jariri asibiti, kowane rami sai ƙeyarsa ta daki haɓata. Muka isa bayan la'asar. Ashe Alhaji ya yi gayya. Rumfar ƙofar gidansa cike da magoya baya, ga liman, ga yayyen Luba, ga dattawa a kan tabarma, ta cikin zaure kuma ina hango gyale yana leƙowa. An aro janareta wurin mai cajin waya. Alhaji na zaune a kujera a tsakiya, sanye da shuɗiyar rigar nan, ita dai ta cikin hoton.

Nan ne na yi dabarar da ta ƙarasa ni. Na ɗora allon a kan tebur na juya shi yana fuskantar jama'a, ni kuma na tsaya a bayansa kamar mai tallan magani. Na danna makunni, na ce kafin ta gama gurnaninta bari in ɗan yi jawabi. Na yi maganar zamani, na yi maganar ci gaba, na ce yanzu duniya ta dawo cikin akwati. Ina cikin haka sai na ga wurin ya yi tsit. Idanu duk sun koma kan allon, liman ya gyara tabarau, wani dattijo ya saki baki. Na ce a raina, ka ga mutanen da ba su taɓa ganin kwamfuta ba. Sai na ƙara ɗaga murya, na dafa saman allon.

"Jama'a, abin da za ku gani cikin akwatin nan, shi ne mutumin da Adabka ta daɗe tana jira!"

Babban yayan Luba ne ya fara. Wani sauti ya kuɓuce masa ta hanci, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Na zagayo in ga abin da ya faru.

Ga ni nan. Ɗan kaina kamar ƙwallon goruba a kan jikin Alhaji, hannuna a sama ina gaida jama'a, jajayen baƙaƙe a ƙasa. Waɗanda suka iya boko suna karanta wa waɗanda ba su iya ba, a hankali, kalma bayan kalma.

Na kama linzamin kwamfutar, na cire hoton. Na ce kuskure ne, cutar kwamfuta ce, yanzu za a ga ainihin aikin. Na buɗe inda na ajiye fastocin. Wayam. Ba gero, ba rijiya, ba Alhaji. Na duba nan, na duba can. Sai na yi abin da kowane injiniya irina ke yi in ya rasa mafita: na kashe na sake kunnawa. Jama'a suka zuba ido suna jiran gurnani ya ƙare. Allo ya haska, Kansilan Gobe ya dawo yana ɗaga musu hannu.

A nan maganar Malam Yohanna ta faɗo mini, har da rabin da ban bari ya ƙarasa ba. Manhajar ba ta san cuta ba, ba ta san fasta ba. Duk abin da ya zo bayanta sharewa take, duk abin da ta tarar kuma ta riƙe shi amana. Na yi ƙoƙarin buɗe ta in dakatar da ita, ta nemi kalmar sirri. Na gwada sunana, na gwada sunan Inna, na gwada na Luba ina kare madannan da hannu. Ta ƙi. Wani tsoho daga baya ya ba da shawara a tofa mata addu'a, wai abin da ake kora yana dawowa ba na lafiya ba ne.

Sai Alhaji ya tashi a hankali ya matso, ya sunkuya ya ƙura wa allon ido, ya kalli rigar jikinsa, ya sake kallon allon. Sannan ya juya wurin liman.

"Malam, riga dai tawa ta. Ciki ma nawa na. Kan ga na ban gane ba."

Rumfar ta fashe. Har daga cikin zaure ina jin mata suna faɗuwa kan juna. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina na gaske, sai na fizge waya daga janareta, na kifa kwalin a kan allon kamar mai rufe kaza.

Na so in gudu a lokacin, Alhaji ya ce baƙo ba ya barin gidansa da yunwa. Aka fito mini da tuwo malmala kan malmala, wanda ya ishi magina. Yayan Luba da ya ajiye kwanon ya ce saƙo ne daga Innarsu: wai in daure in cinye, tunda ciki nake nema, gara in samu nawa na kaina. Na ci abin da na iya, kowace loma kamar tsakuwa. Luba ba ta fito ba ranar. Daga baya ta gaya mini ba fushi ya hana ta ba, dariya ce ta ƙi tsayawa.

Ranar Litinin na ba Malam Yohanna labari, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Kalmar sirrin ba ta taɓa dawo mini ba, dole muka wanke kwamfutar gaba ɗaya muka sake zuba mata komai. Na sake tsara fastocin, na sa a filashi, na aika, don ƙafata ta ƙi hanyar Adabka. Sai da kawuna ya sa ni gaba muka je ba da haƙuri. Alhaji ya saurare mu har ƙarshe, ya ce ba komai, yaro ne; amma in na tashi tsayawa takara in sanar da shi da wuri, kuma in ɗinka rigata.

Bai ci zaɓen fid da gwani ba, ni kuma an ba ni Luba bayan kaka. Har yau in aka yi zancen siyasa a gidan, sai ya ce ai shi tun daga cikin gida aka fara yi masa zagon ƙasa.

Abin da na koya bai da yawa. In mutum yana yi maka bayani, bar shi ya kai aya. Kuma kafin ka ce wa na'ura ta riƙe ka yadda kake, tsaya tukuna ka duba yadda kaken, don ita ba ta san surukai ba.