Rasuwar Tenen da Marayunta Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa kuma a miƙe a kan taubashina Zanke Jara, mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Segu, maci-wake jikan maci-wake, ni Nyele Tarawele mai zanen laka nake sanar da 'yan uwa da matan ƙungiyarmu rasuwar kwamfutata Tenen. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan tabarmata, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Zanke ne ya fara kashe ta. Wadda ta ƙarasa, za mu zo kanta, kada a yi mini gaggawa.

Ranar Litinin marigayiya ta shigo gidan nan, shi ya sa aka raɗa mata Tenen, wato Altine da Bambara. Malama Korotumu Sangare mai koya wa manya karatun Bambara, Allah Ya jiƙanta, ita ta kawo ta a naɗe cikin zani bayan ta gaji da ni. Shekara biyu ina zama a ajinta. Karatu ya shiga, amma alƙalami ya ƙi ni. Hannun da ya shekara hamsin yana jan layin laka a kan farin saƙi bai karkace ba, da an ba shi biro sai ya kama rawa kamar ɓarawo a gaban alƙali. Malama ta ce, "Nyele, bar cutar da takarda. Ke dai danna." Ta zuba haruffanmu huɗu a cikin Tenen, waɗanda maƙeranta ba su san da su ba, ta ɗiga jan farce a kan maɓallansu don in riƙa gane su.

Marigayiya mai haƙuri ce. Da yatsa ɗaya nake rubutu, layi uku daga azahar zuwa la'asar, ba ta taɓa yi mini tsaki ba. In na buɗe ta da safe sai ta gaishe ni, tilin-lin, abin da 'ya'yan cikina ba sa yi sai sun ga dama. In wuta ta ɗauke takan daure gwargwadon dahuwar shinkafa. Ta ga kurakuraina duka, ba ta kai wa kowa ba.

Aikin da muke yi ni da ita ba wasa ba ne. Zane sittin uwata ta bar mini a ka: sunan kowanne, wanda mai jego ke ɗaurawa, wanda maharbi ke sawa, da sau nawa ake tsoma saƙi a ruwan marke kafin laka ta kama. 'Ya'yana mata ba wadda ta zauna ta koya. Likita kuma ya ce yanar ido ta fara rufe mini idanu biyu, kada in sa rai da ganin ƙananan abubuwa bayan damina. Mun rubuta arba'in da ɗaya. Saura goma sha tara.

Ciwon ajali da zazzaɓi ya fara. Cikinta ya yi zafi, numfashinta ya koma fuuu, fuuu, kamar tsoho a kan tudu. A nan zan faɗi gaskiya tunda mutuwa ake magana. Shekara huɗu kullum safiya sai na kanga mata kaskon turare, don ba abin da zai kwana a ɗakina yana warin ƙarfe. Yatsana kuma ba ya rabo da man kaɗe. Da sanyi nakan lulluɓe ta da bargo tana cikin aiki, don tausayi. Wa ya gaya mini ta haƙarƙari take shan iska?

Na ɗauke ta zuwa shagon Zanke. Ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya kira maƙwabtansa su zo su ji.

Ya ce, "Baiwata, wannan kwamfuta ce ko amarya?"

Na ce, "Bawana, gyara kawai. Kai da ba ka san wani ƙamshi ba sai na tukunyar wake."

Ya ce zai wanke mata ciki ya sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa. Bayan mako ya dawo da ita da sanyinta, tana gudu kamar budurwa. Na danna jan farce na farko, wani baƙon abu ya fito. Na buɗe zanen uwata, sai na ga duk inda haruffanmu suke an bar ƙananan akwatuna babu kowa a ciki, shafi bayan shafi, kamar bakin tsohuwa.

Na ce, "Zanke, ina yaran?"

Ya ce, "Haba tsohuwa. Haruffan Faransanci sun ishi gwamna, ke mai dangwale da yatsa ɗaya ce ba za su isa ba?"

Daga nan hannuna ne. Na yi zaton sun faɗa ƙarƙashin maɓallai yadda tsaba ke maƙalewa a rariya. Na kife ta na girgiza. Na bubbuga bayanta. Na sa ƙarfen zanena na ɓamɓare maɓallan nan huɗu, ban ga komai ba sai gashina da ɓawon gyaɗa. Na goge wurin da ruwan ɗumi da sabulu, na shanya ta a rana tare da saƙi. Da na kunna ta, ta ce tik, sau ɗaya. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce tun da aka kafa garin nan ba a taɓa jin Tarawele ta yi ƙarar Jara ba. Rantsuwar kakanni ce, taubashi ko rufin ɗakinka ya ƙona, sai dai ka zage shi ka ba shi ruwa ya sha. Ko fuska ba a ɗaure masa. Kwana biyu ke nan ina wucewa ta shagonsa haƙora a waje, ba don ina so ba. Amma rantsuwar nan baki biyu gare ta, Zanke ya riƙe ɗaya ya manta ɗayan: abin da taubashi ya roƙa a gaban jama'a, ba a hana shi.

Marigayiya ta bar marayu huɗu da ba a san inda suke ba: ɛ mai kama da uku da ta juya baya, ɔ mai kama da fasasshiyar ƙwarya, ɲ mai jan ƙafar hagu, da autansu ŋ mai wutsiya. Ta bar shafi arba'in da ɗaya masu giɓi a hannun Wasa Dunbiya, magatakardar ƙungiyarmu, wadda ta kwafe su a kwamfutar ƙungiya kafin in kai wa marigayiya hannu, kuma ita ke rubuta wannan daga bakina, na hana ta zuba masa zuma. Ta bar igiyar caji. Ta bar ni, jahilar da ta tarar.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gidana, ƙarƙashin mangwaro. Ba za a yi wa gawa wanka ba, ta sha ruwa ya isa. Likkafaninta zane na arba'in da biyu, makwancinta saman kabad. Mata su zo da kujerunsu, mai unguwa zai zama shaida.

Zanke Jara ne zai ɗauki gawa. In ya ajiye ta, zai tsaya a gaban mutane ya faɗi inda ya kai marayun nan da ranar da zai dawo da su cikin kwamfutar ƙungiya, da jan farcensu. Kafin wannan rana, tunda shi ya yi boko yana da hannu mai kyau, kullum bayan karin kumallo zai zauna a bakin tabarmata ya rubuta sauran goma sha tara da Bambara, ina faɗa yana rubutawa, ina karantawa tun idona yana gani.

Bawana, ka zo da biro. Wakenka na riga na jiƙa.