Manhajar da Ta Kori Mai Ita

“Ko ƙuda ba ya wuce manhajata!” Haka Injiniya Ba-Kuskure yake cika baki a ofis, yana buga ƙirji har biro na faɗowa daga aljihunsa. Manhajar dai aikinta tantance rajistar ma'aikata: gurbin lamba sai lamba, na kwanan wata sai kwanan wata. Wanda ta ƙi, katinsa ba zai buɗe ƙofa ba. Manaja ya ce in ta ci gwaji, kujerar shugaban sashe ta Injiniya ce. Gogan naka har ya sa an goge masa kujerar.

Ranar gwaji Sakatariya ta zauna gaban kwamfuta. A gurbin shekaru ta rubuta “akuya”. Allo ya yi kore: daidai ne.

“Injiniya, ta karɓi akuya fa.”

“To akuya ba ta da shekaru ne?”

Ta sa ranar haihuwa talatin da ɗaya ga Fabrairu. Kore shar!

“Wata shekarar Fabrairu kan yi tsawo,” in ji shi, gumi na bin wuyansa.

A gurbin yawan 'ya'ya ta sa biyu da rabi.

“Wataƙila matarsa na da ciki!”

Manaja ya cire tabarau. Injiniya, Malam Cika-baki, ya fizge kwamfutar, ya yi ta dube-dube. Ashe, ɗan'uwa, fayil ɗin dokokin tantancewa ma bai haɗa shi da manhajar ba, komai aka ba ta hannu biyu take karɓa. Ya haɗa, ya gyara wuyan riga.

“Yanzu a zuba mata rajistar gaba ɗaya, ku sha kallo!”

Aka zuba. Mutum ɗari uku suka wuce lafiya lau, ɗaya tal ya yi ja. Sakatariya ta karanta da ƙarfi:

“Injiniya, kai ne. Gurbin shekarun gogewa lamba ake so, ka rubuta ‘ba sa ƙirguwa’.”

Manaja ya yi dariya har da tari, ya ce a bar rajistar yadda take.

Washegari katin gogan ya ƙi buɗe ƙofa. Ya goga a riga, ya hura masa iska, shiru. Maigadi ya turo masa littafin baƙi.

“Ranka ya daɗe, cika nan. Wajen lokacin zuwa kuma, don Allah, lamba kawai.”