Yadda Za Ka Kare Jaruminka Daga Sihiri a Teburin Tela

Ka bi matakan nan biyar, na ba ka tabbaci babu bokan da zai sake mayar da jaruminka kwaɗo. Wasa ne na labari, ga yadda yake: kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. In mai ba da labari ya ce an jefe ka da sihiri, sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin. Sha biyu zuwa sama ka tsira. Mu a shagon yayan matata muke yi ran Asabar, kan teburin yankan yadi, shi ne kuma mai labarin.

1. Ka san abin da za ka rasa

Nawa jarumin sunansa Gatari, shekara biyu ina renonsa. Jarumin da ya mutu kuwa, Yaya da almakashi yake raba takardarsa.

2. Hura ɗan lidon

Sau uku. Ba ya ƙara komai, amma masana sun tabbatar yana ɓata wa mai labari rai.

3. Yi tari

Doka ta ce in ɗan lidon ya faɗo ƙasa a sake jefawa. Ka hango huɗu? Yi tari, gwiwarka ta daki tebur. A ƙarƙashin keken ɗinki za ka same shi.

4. Yi gardama

Ka ce, "Yaya, ai Gatari kurma ne, bai ji surkullen ba."

Zai ce, "Ba shi ya jiyo takun ɓarayi makon jiya ba?"

Ka ce ranar kunnen ya mutu.

5. Kada ka jira a gama magana

Da ka ji "sihiri", jefa. Makon da ya wuce Gatari na kwance jina-jina, Yaya ya ce, "Ga wani sihiri ya nufo ka..." Na cilla. Ashirin cif, karo na farko a rayuwata! Har na taka rawa.

Matata, wadda jarumarta ce mai maganin tawagarmu a wasan, ta dafe kai. "Maigida, nawa ne fa. Na warkarwa ne."

Yaya ya jawo almakashi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Gargaɗi: Tabbacin da na bayar na kauce wa sihiri ne, kuma na cika. Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna, kada a neme ni. Mai neman shaida ya zo ya ga Gatari: yana aljihuna, rabi a dama, rabi a hagu.