Rasuwar 'Yar Rawaya, Fitilar Birkin Mai Ƙwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma baki da ya ƙi rufuwa saboda murmushi, Mai Ƙwai da iyalansa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Rawaya, ƙaramar fitilar nan mai haruffan ABS da ke gaban sitiyarin a-kori-kurarsa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a garejin surukinsa, bayan shekara shida tana ci ba hutu.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, aikinta ɗaya ne: ta sanar da direba cewa na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa su yi sulɓi idan an taka birki da ƙarfi ta daina aiki. Wasu fitilun sukan yi gargaɗi kwana biyu su haƙura. Ita kam ta riƙe amana. An shaide ta da naci da tsayawa kan magana ɗaya. Ba ta da yawan surutu, sai dai ɗan "ƙiling, ƙiling" da take gaishe da maigidanta da shi kowace safiya, wanda har cikin barci yake jin sa. Ya taɓa liƙe mata fuska da baƙin salatif, ta leƙo ta gefe.

Ba za a ɓoye ba, ta bar tabo a gidan. A shekararta ta farko, ranar da aka yi ruwa, Mai Ƙwai ya taka birki a gangaren kasuwa, motar ta juya kamar faranti a kan tebur, kiret goma sha ɗaya suka zama wainar da ba a soya ba. Maiɗakinsa na zaune a gefensa. Ta sauko ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Baban yara, ni da kujerar nan sai ranar da fitilar nan ta mutu." Ya ɗauka wasa ne. Matar da ta saba raka shi rabon ƙwai, tana ɓare masa gyaɗa tana gyara masa tuƙi, sai ta koma shiga motar haya. Shekara shida yana tafiya shi kaɗai, da kiret ɗaya a kujerarta don kada wurin ya yi masa faɗi da yawa. Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba sai yau.

An nema wa marigayiyar mutuwa ta kowace hanya. Yayan maiɗakin nasa, wanda kowa ke kira Mai Wayarin, shi ya yi ta ɗawainiya da ita. Ya duba fis, lafiya lau. Ya goge kan batir har yana ƙyalli. Ya jona kwamfuta, ta nuna tayar baya ta hagu, aka canza sansar da ke ƙirga juyin tayar har sau biyu. Ya ɗora mita a kan wayar, wuta na wucewa sumul. Abin haushin, duk ranar da aka kai motar gareji, marigayiyar sai ta yi lamo kamar ba ta taɓa ci ba. Washegari Mai Ƙwai na fita daga gida, sai "ƙiling, ƙiling". Har aka kai surukin yana cewa idon mijin ƙanwarsa ne ke bukatar gyara, shi kuma yana faɗa a bayan ido cewa mitar Yaya ta tsufa tare da mai ita.

Ajali ya zo ne da gajiya. Ranar Talatar nan Mai Ƙwai ya kasa sauke kaya kafin ya biya gareji, kamar yadda ya saba yi don girmama suruki. Ya shiga da kiret talatin, an rufe su da tamfol, an ɗaure tamau. Fitila kuwa tana ci, a gaban Yaya, karo na farko. Mai Wayarin ya shiga ƙarƙashin motar ya bi wayar da hannu. Can ya ce, "Zo nan. Wannan igiyar ta waye?"

"Tawa ce, Yaya. Ta tamfol ce. Nan nake ɗaure ta kullum, akwai wani ɗan maƙali mai kyau."

"Maƙali? Wayar sansa ce, bawan Allah! Shekara shida kana shaƙe ta da safe, kana kwance ta kafin ka kawo mini!"

Ashe jan igiyar ya tsinke ƙarfen wayar daga ciki, robar waje kuma ba ko ƙwarzane. In an ɗaure kaya, bakunan wayar biyu su rabu. In an sauke, su koma su haɗu, mita ta ce lafiya. Aka yanke tsawon ɗan yatsa aka yi mata dalma, aka murza makulli. Marigayiyar ta haska sau ɗaya, ta dubi maigidanta, ta cika cikin natsuwa. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa mai makokin ya yi tsalle har kansa ya bugi rufin motar, sannan ya rungume tayar baya ta hagu.

Ta rasu ta bar ƙanwarta fitilar mai, wadda ke nan da ranta kuma ba ta da niyyar tafiya, da sansa biyu da aka kora daga aiki ba laifin tsaye ba na zaune, da rabin salatif, da igiya guda da yanzu ke fuskantar shari'a. Ana roƙon jama'a kada su firgita idan sun ga ta bayyana na daƙiƙa uku lokacin tayar da mota. Yaya ya tabbatar ba fatalwa ba ce, haka masu lafiya suke yi.

Za a binne guntun wayar gobe da ƙarfe tara na safe a kwandon shara na garejin. Mai Wayarin ne zai jagoranta, kuma an ba shi damar faɗin "ai na gaya maka" sau uku kacal. Ana karɓar gaisuwa a jikin mota. Masu zuwa da kuka su tanadi nasu, domin na gidan ya ƙare tun kafin a fara.

Daga nan ayari zai wuce gangaren kasuwa da kiret talatin a baya. Masu rakiya su nemi wuri a wata motar, don kujerar gaba ba ta da sarari. Tun jiya da yamma maiɗakin Mai Ƙwai ta fito, ta sa ya tayar da motar sau biyar tana kallo, sannan ta ɗauke kiret ɗin nan da hannunta ta ajiye ƙullin gyaɗa a wurin.