Rasuwar Don Plácido a Kan Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yau yake warin roba, ni Hilarión Ticona na garin Oruro nake sanar da 'yan uwa da abokan hanya rasuwar kekena, Don Plácido, a tsakiyar hunturun nan, wanda a wajenmu na kudancin duniya yake faɗowa a watan Yuli.

Marigayin dattijo ne mai nauyi da haƙuri. Bai taɓa yar da ni a gaban mata ba. A hawa yakan yi ƙyik-ƙyik kamar mai ƙorafi, amma bai taɓa cewa a koma ba.

Ga yadda ajali ya zo. Ni da yayana Saturnino mun ɗauki doguwar hanyar duwatsu wadda muka daɗe muna cika baki a kanta. Da muka kai ƙololuwa, wajen tarin duwatsun matafiya, muka ajiye namu dutsen da ganyen koka da muke taunawa, kamar yadda al'ada take. Saturnino ya ciro barasar da za a zuba wa Pachamama, Uwar Ƙasa. Barasar nan kuwa ita ce man rishonmu.

Na ce, "Yaya, ɗigo kaɗan ya isa."

Ya ce, "Kai dai marowaci ne tun kana goye. Uwa ake ba wa ɗigo?"

Ya tuttule mata kusan duka.

Da la'asar iska ta taso da dusar ƙanƙara, har ba na ganin tayar gabana. A wani rafi da ya daskare, ƙanƙara ta fashe da Saturnino. Ruwa ya tafi da kekensa, shi kuma na jawo shi jiƙe har ƙugu. Wandonsa ya sandare nan take. Babu itace a wannan tudu, babu mai a risho, babu gida. Da farko yana karkarwa. Da ya daina karkarwar ya fara cewa barci yake ji, nan tsoro ya kama ni.

Na dubi Don Plácido. Na kwance tayarsa ta baya, na jiƙa safata da ragowar barasar, na ƙyasta ashana. Ta gaba ta bi. Sirdi ya bi. Ina murza ƙafafun Yaya ina zaginsa don kada ya rufe ido. Baƙin hayaƙin ne wata makiyayiyar lama, ƙananan raƙuman nan marasa tozo, mai suna Doña Eleuteria, ta hango, ta taro direban babbar mota ya kai mu asibiti.

Marigayin bai yi ƙara ba. Sau ɗaya ƙararrawarsa ta ce ƙil, lokacin da na kwantar da shi.

Ya rasu ya bar famfo, da sarƙa, da ni. Ya kuma bar Saturnino a gadon asibiti, ƙafafunsa a naɗe, likitoci suna ta duban launin yatsun suna fita waje su yi shawara. Jiya ya kama rigata ya ce, "Ƙanena, kar ka bari su yanke." 

Za a kai gawar wajen tarin duwatsun nan, a jingine ta tana fuskantar hanya. Masu rakiya su zo da barasa kwalba biyu, ɗaya ta Uwa, ɗaya ta risho. Ba a sa rana ba tukuna. Saturnino ya rantse shi zai ɗauki gawar a kafaɗa ya hau da ita da ƙafarsa, ni kuma na ce za mu jira shi.